Sunan Baba Sifana a Kan Fom

Ofishin da ke sada bincike da masana'antu yana can ƙarshen baranda a hawa na biyu, tsakanin sito da ɗakin injin kwafi. Ma'aikatan cibiyar binciken ba sa wahalar da bakinsu da wannan dogon suna, ofishin talla suke ce masa. Idan masu bincike suka gano wani abu mai amfani, a nan ake shirya takardun yi masa rajista da sunayen waɗanda suka ƙirƙiro shi, sannan a nemo kamfanin da zai karɓi lasisi ya ƙera shi ya kai kasuwa. Mace ɗaya ce ke riƙe da ofishin, kowa Lauya yake ce mata. Shekararta huɗu a kujerar, abu uku kacal ta taɓa kaiwa har kasuwa.

Ranar wata Litinin aka ajiye mata fom a kan tebur. Akwatin ajiye magani ne mai riƙe sanyi kwana uku ba tare da lantarki ba. A gurbin masu ƙirƙira an rubuta suna biyu: Farfesan sashen sinadarai da Daraktan cibiyar. An maƙala wata 'yar takarda a sama: wani kamfani zai zo ranar Alhamis ta sama, a gaggauta.

Ɗabi'arta ce ba ta sa hannu sai ta ga littafin aikin da idonta, don haka ta sauka ɗakin gwaje-gwaje. Farfesa ba ya nan. Baba Sifana ta tarar, ma'aikacin da ke haɗa sinadarai da gyaran na'urorin ɗakin shekara ashirin da shida, wanda ya sami sunan saboda sifanar da ba ta rabuwa da aljihun rigarsa. Ya ɗauko mata littattafai huɗu. Uku na farko rubutun Farfesa ne, shekara tara yana fama da wani haɗin gishiri mai shanye zafi, wanda shi ne zai riƙe sanyin akwatin. Haɗin yana aiki, amma da an yi amfani da shi sau uku ko huɗu sai ya rabu, ruwa a sama, dunƙule a ƙasa. A shafin ƙarshe Farfesa ya rubuta, "A dakata." Littafi na huɗu kuwa wani rubutu ne daban, manyan baƙaƙe masu karkata.

"Baba, wannan hannun wa?"

"Nawa ne, 'yata. Kwamacala ce kawai ta lokacin hutun rana."

Ta zauna a kan doguwar kujerar ɗakin ta karanta kwamacalar. Gwaji ɗari da goma sha bakwai, kowanne da kwanan wata. A na tamanin da tara ya ƙara wani gari da masu fenti ke ƙara wa fenti kauri da shi. A na ɗari da biyu ya gano cewa sai an zuba garin kafin gishirin ya huce, ana juyawa a hankali. Daga nan haɗin bai sake rabuwa ba.

"Farfesa ne ya ce ka gwada garin?"

"A'a. Shi ya riga ya haƙura. Maman yara ce ke da ciwon suga, allurarta kuma ba ta son zafi. In wuta ta ɗauke kwana biyu sai mu zubar da magani. Shi ya sa na ce bari in taɓa." Ya goge hannunsa da tsumma. "Sun ce za su gode mini a ƙasan takarda."

Da azahar ta sami Farfesa a ofishinsa. Bai musa komai ba, amma ya ɗaure fuska.

"Shekara tara na ba wannan abu. Shi hannu ne, ni ne kai. Ko likitan tiyata ba ya rubuta sunan mai miƙa masa almakashi."

"Farfesa, doka ba ta tambayar wa ya fi karatu. Tana tambayar wa ya yi tunanin. Gishirin naka ne, babu mai ja. Garin da yadda ake zuba shi nasa ne. Shi kuma Darakta me ya ƙirƙira?"

Farfesa ya cire tabarau ya murza idanunsa. "Ke ma kin san yadda takarda ke tafiya a gidan nan. Wadda ke da sunansa gudu take yi."

Washegari Darakta ya aika a kira ta. Ofishinsa ne kaɗai na'urar sanyaya ɗaki ba ta taɓa lalacewa a ciki ba. Bai ce ta zauna ba.

"Na ji kina binciken 'yan sanda a cibiyata."

"Aikina nake yi, ranka ya daɗe. Rajistar da aka yi da sunayen ƙarya, duk ranar da wani ya kai ƙara soke ta za a yi. Cibiya ce za ta yi asara."

"Wa zai kai ƙarar? Mai wanke kwalabe?" Ya turo mata fom ɗin da ɗan yatsa. "Shekara nawa ana cewa bincikenmu ba ya fita daga kabad? Ga dama ta zo, ke kuma kina son ki tsaya a ƙofa. Sa hannu, ki shafa wa kanki lafiya."

"Ba zan sa ba."

"To akwai masu hannu ban da ke."

"Akwai. Amma duk wanda zai sa, sai ya fara karanta bayanin da na riga na saka a fayil."

Kafin a tashi daga aiki takardar tuhuma ta iso teburinta, ana neman ta bayyana cikin awa ashirin da huɗu dalilin da ya sa ba za a hukunta ta kan rashin biyayya ba. Ta amsa a shafi ɗaya, ta haɗa da kwafin littafi na huɗu, ta aika ɗaya ga Darakta, ɗaya ga sakataren majalisar gudanarwa.

Ranar Asabar da hantsi Baba Sifana ya buga mata waya ya roƙe ta ta zo gidansa. Ɗaki biyu ne da falo a bayan wani garejin gyaran motoci. A kan teburin falon ga akwatin farko, wanda ya haɗa da tsohuwar kular ruwa da robar ƙofar firji. Gefensa ga wata takarda. An kira shi ofishin Darakta jiya, in ji shi, an yi masa albishir da ƙarin girman da ya shekara takwas yana jira. Sharaɗi ɗaya ne: ya sa hannu cewa duk abin da ya yi, umarnin Farfesa ya bi.

"Saura mini shekara biyu in yi ritaya," ya ce. "Da wannan matsayin za a lissafa fanshona. Me kika gani?"

"Baba, ba zan ce maka ka ƙi ba, don ba ni zan ci da gidanka ba. Abin da na sani shi ne, in ka sa hannu, magana ta ƙare. In ka ƙi, ba ni da tabbacin za mu yi nasara."

Matarsa tana zaune a bakin ƙofar ɗaki tana ninke kayan wanki. Ta ajiye rigar da ke hannunta.

"Umarnin wa? In umarni ne, ai nawa ya bi. Ni na ce masa na gaji da zubar da magani. Ni aka yi gwajin a kaina wata goma sha ɗaya, falon nan har ya koma warin shagon fenti. In ana rubuta suna don matsayi, to a rubuta nawa, na fi Daraktan kusa da akwatin."

Lauya ta yi dariya, shi ma ya murmusa. Matar ba ta yi ba.

"Malam, mun rayu da albashin nan har yara suka girma. Za mu rayu da fanshonsa. Amma kar ka shigo mini gida da takardar da ka rubuta cewa ba ka da kai."

Ranar Alhamis aka shirya ɗakin taro, aka jera ruwan roba da sababbin biro. Kamfanin ya turo mutum biyu, manaja da wata injiniya mai yawan tambaya. Ba a gayyaci Lauya ba, amma ta zo da fayil ɗinta ta zauna a kujerar ƙarshe, Darakta kuma bai so ya kore ta a gaban baƙi ba. Farfesa ya yi bayani rabin awa. Da injiniyar ta nemi a haɗa sinadarin a gabanta, sai aka aika a kira Baba Sifana.

Ya shigo da rigar aiki, ya kunna ɗan murhun lantarki, ya auna, ya zuba, yana juyawa. Injiniyar ta taso ta tsaya kusa da shi.

"Me ya sa ba ka bari ya huce?"

"In ya huce garin ba ya kamawa. Na ɓata wajen goma sha uku kafin in gane."

"Kai ka gane?" Ta juya ta duba takardun gabanta. "Ban ga suna uku a nan ba."

"Ma'aikacinmu ne," in ji Darakta da sauri. "Yana bin umarni. Akwai takardar da zai sa wa hannu a kan haka, yau ɗin nan."

Baba Sifana ya kashe murhun, ya ciro takardar daga aljihu, a ninke huɗu, ya ajiye ta a gaban Darakta.

"Ranka ya daɗe, ga takardarka, ban taɓa ta ba. In haɗi ne, zan haɗa muku sau ɗari, aikina ne, ana biyana. Amma ba zan sa hannu a kan cewa ban yi tunani ba. Na yi."

Manajan ya rufe jakarsa a hankali ya ce kamfaninsu ba ya zuba jari a kan rajistar da ake jayayya a kanta, idan cibiya ta daidaita tsakaninta sai a neme su. Darakta ya raka su har mota yana magana, ba su ce masa komai ba sai godiya.

Kwana tara babu wanda ya leƙo ofishin talla. A rana ta goma Farfesa ya shigo ya rufe ƙofa, ya ajiye sabon fom. Suna biyu ne a kai, nasa da na Baba Sifana.

"Na karanta littafinsa daga farko har ƙarshe," ya ce, bai kalle ta ba. "Da ɗalibina ne da na ba shi digiri. Ban ce kin kyauta mini ba, amma sa hannu kafin in sake tunani."

Ta sa. A makon da ya biyo baya aka mayar da ita sashen ajiye tsofaffin fayiloli a ƙasan bene, inda ko taga babu. Ƙarin girman Baba Sifana kuma aka ce takardunsa sun ɓata. Darakta ya riƙe fom ɗin a aljihun teburinsa wata biyu, har sai da kamfanin ya rubuto wa majalisar gudanarwa yana tambayar inda aka kwana. Bayan wata bakwai aka sa hannu a lasisin, da kason masu ƙirƙira raba-daidai tsakanin mutum biyun. Wani ne ya zauna a kujerarta a hoton da aka ɗauka.

Ita kuwa ta shigar da ƙorafi kan canjin wurin aikin, ta ƙi janyewa duk da mutum uku da aka turo su ba ta baki. Sau huɗu ana ɗage zaman, sau huɗu tana zuwa da fayil ɗinta ta zauna a bakin ƙofa har a fito a ce mata ba yau ba. A wata na goma sha ɗaya majalisa ta ce a mayar da ita ofishinta. Darakta bai sake amsa gaisuwarta ba, ita kuma ba ta fasa gaishe shi ba.

Ranar da ta koma ta tarar da fom goma sha huɗu suna jiranta. Kafin azahar ta mayar da tara ga masu su, ta ce kowa ya zo da littafin aikinsa da duk wanda ya yi aikin tare da shi.