Ta'aziyyar Matar da Ba a Haifa Ba

Zaidun ya baro garinsu Tafila ya zo birnin Amman da akwati ɗaya, da takardar digiri, da jarkar man zaitun da uwarsa ta cusa masa, sai ka ce a birni ba a sayar da mai. Wani kamfanin inshora ne ya ɗauke shi aikin gwaji a sashen tsaron kwamfuta. Ya kama ɗaki a unguwar Suwailih, hawa na uku, tagarsa na kallon wani kangon fili inda kyanwoyi ke zaman shari'arsu.

Aikin irin na mai gadi ne. In ba abin da ya faru, ba wanda ya san da kai. In ɓarawo ya shiga, kai ne ka yi barci. Ofishinsu na can ƙarƙashin bene, ba taga. Ma'aikata sun san sashen da abu biyu: toshe musu shafukan ƙwallo, da tilasta musu sauya kalmar sirri. In Zaidun ya shiga lif sai hira ta mutu, ta farfaɗo bayan ya fita.

Mutum ɗaya ne ya kula shi. Abu Firas, dattijo a sashen biyan diyya, ya tarar da shi wata safiya a ɗakin shayi yana karyawa da biskit a tsaye.

"Kai ne sabon ɗan sandan kwamfuta? Daga ina?"

"Tafila, Ammi," wato Baffa, yadda ake kiran dattijo a can.

"Tafila! Wato ku ne masu sa wa kwamfuta kwaɗo ku rataya makullin a wuya. Zauna, ɗan Tafila, ci abinci. Mutum ba ya rayuwa da biskit, sai dai ɓera."

Tun daga ranar, kullum da safe akwai falafel da hummus da gurasa mai ɗumi, da shayin ganyen maramiya. Matar Abu Firas ta rasu bara, ya ce har yanzu hannunsa bai koyi sayen abincin mutum ɗaya ba. A duk faɗin Amman, wannan teburin ne kaɗai inda ake ajiye wa Zaidun kujera.

Dattijon na da wata ɗabi'a da kowa ya sani. Ba ya fashin ta'aziyya, ya san mamacin ko bai san shi ba. Ya taɓa gaya wa Zaidun dalili. Kwanakin zaman makokin matarsa dusar ƙanƙara ta toshe hanyoyi, mutane suka samu uzurin da dama suke nema. Ya wuni a rumfa shi da mai zuba gahawa, suna kallon kujeru.

"Kujerar da ba kowa a kanta tana da baki, ɗana. Na ji abin da take faɗi. Muddin ina da ƙafa, ba zan bar wani ya ji ba."

Da wa'adin gwajinsa ya kusa cika, shugabar sashen, Injiniya Rula, ta kira Zaidun. Ta ce ya haɗa tarko: saƙon ƙarya irin wanda 'yan kutse ke turowa, a aika wa dukan ma'aikata, a ga wa zai latsa ya ba da kalmar sirrinsa kafin ɓarayin gaske su gwada.

"Mun yi na ƙarin albashi, mun yi na kyautar waya, yanzu ko masinja ba ya faɗawa. Kawo min wanda zai kama. In ya kama, kujerarka ta tabbata. Kuma ko inuwarka kada ta ji. Wanda ya tsegunta wa aboki a wannan sana'a, sai ya koma ƙauye kiwon awaki."

Bai sha wahalar tunani ba. A garinsu ana iya ƙin amsa gayyatar biki, amma ba a tsallake sanarwar mutuwa. Ya ƙirƙiro wata Hajiya Fidda, mahaifiyar wani abokin aiki a reshen Zarƙa wanda shi ma babu shi, ya kashe ta bayan gajeriyar jinya. Ya sa addu'a a sama, ya sa lokacin karɓar gaisuwa bayan la'asar. A ƙasa ya rubuta: latsa nan ka shiga da sunanka don ganin taswirar wurin zaman makoki.

Injiniya Rula ta karanta ta yi dariya. "Ashe kai mugu ne. Madalla. Amma kada shafin ya tona asiri nan take, a bar su sai gobe, mu ga wa zai kawo ƙara. Sa musu taswira ta gaske."

Wuri biyu Zaidun ya sani a Amman, ofis da ɗakinsa. Ya ɗora alamar a kan kangon filin kyanwoyi.

Ranar da za a saki saƙon, sun karya tare da Abu Firas kamar kullum. Maganar ta zo masa har maƙogwaro. Kalma huɗu sun isa: yau kada ka latsa.

"Yau ka yi shiru kamar an ci ku a ƙwallo," in ji Abu Firas, yana tura masa falafel na ƙarshe. "Ko wata 'yar Amman ce ta ce takalminka na ƙauye ne?"

Zaidun ya yi murmushi ya haɗiye falafel, ya haɗiye maganar. Ya ce wa kansa dattijon bai cika duba imel ba. Ya san ƙarya yake yi wa kansa.

Tarko ya kama fiye da rabin kamfani, har da manyan da ke hawa na sama. Da yawa sun mayar da amsa, Allah ya jiƙanta, Allah ya ba da haƙuri, suka koma aikinsu da zuciya sakayau. Ta'aziyyar zamani ke nan, yatsa ɗaya ya ishe ta.

Gab da magariba Zaidun ya leƙa tagarsa. Akwai mutum tsaye a bakin filin, da baƙar kwat da jan shimag, rawanin Larabawa, a kai, yana duba waya yana duba kango. Ya tare wani mai wucewa, mutumin ya girgiza kai. Ya zagaya filin ya dawo, a hankali, saboda gwiwarsa.

Abu Firas ne. Zaidun ya sauko.

"A'a, ɗan Tafila! Kai ma ka zo? Allah ya yi maka albarka. Ina rumfar? Taswirar nan ta mai da ni mahaukaci."

"Ammi, babu rumfa."

"Sun tashi ne?"

"Babu Hajiya Fidda. Ni na rubuta. Gwaji ne na ofis."

Abu Firas ya mayar da wayar aljihu, ya gyara shimag ɗinsa.

"Wato ba wanda ya mutu."

"Ba kowa."

"To, alhamdulillahi. Da safe da muke cin abinci, ka riga ka kashe ta?"

"An hana ni faɗa, Ammi. Hau sama mana, ga ɗakina nan, in dafa maka gahawa."

"Gahawar wa zan sha? Ba mamaci, ba mai gida." Ya ɗaga wa tasi hannu. "Ka iya aikinka, Injiniya."

Bai taɓa kiransa Injiniya ba sai ranar.

Kujera ta tabbata. Aka yaba masa a taro, aka ba shi koyar da waɗanda suka faɗa tarkon. Abu Firas ya zauna a sahun gaba, ya saurara tiryan-tiryan, ya yi godiya da ladabi kamar ga baƙo. Da safe kuwa ya koma karyawa a teburin aikinsa. Hannunsa ya koyi sayen na mutum ɗaya.

Da kaka ta shigo, mahaifin wani direban kamfanin ya rasu, aka tura sanarwa. Ma'aikata sun ɗauki darasi: maimakon addu'a, sai suka riƙa turo saƙon sashen tsaro suna cewa sun gano tarko. Injiniya Rula ta ce wannan shi ne nasara. A cikin masu turowar har da Abu Firas, da layi ɗaya: Injiniya, wannan ya mutu da gaske?

Zaidun ya bincika, ya amsa masa: da gaske ne, Ammi.

Bayan la'asar ya sa kwat ɗinsa ya nemi rumfar, can unguwar Marka. Dangin direban ne a gefe guda, sauran kujeru babu kowa. Daga kamfani mutum ɗaya ya riga shi. Abu Firas ya amsa sallamarsa cikakkiya, yadda addini ya ce, sannan ya ɗora carbinsa a kan kujerar da ke kusa da shi.

Zaidun ya wuce ƙarshen layi ya zauna. Mai gahawa ya zo ya zuba masa mai ɗaci a finjali, ya shanye. Wanda ya ƙoshi yakan girgiza finjalin a karɓa, ya tashi ya tafi. Zaidun ya miƙa nasa bai girgiza ba, aka sake zubawa.