Ba'indiye a Cikin Rumbun Saude

Wata biyu Saude ta yi tana dafa wa Ba'indiyen nan abinci, ba nama ba kifi, sai wake da shinkafa kamar mai jinya. Sunansa Selbam, amma mutanen ƙauyen, da ke gefen Birnin Tsaba, suka mai da shi Salim, suka huta. Da injin haƙar burtsatse ya zo daga Ƙaura Namoda, kuma Labbo mijin Saude ne ya ba shi ɗakin zaure.

Mutumin ba ya rabo da waƙa a ƙasan maƙoshi. Da ta tsokane shi, sai ya gaya mata da gurguwar Hausarsa cewa waƙoƙin wata waliyyiyar addininsu na Hindu ne, matar da ta ƙare rayuwarta tana daka shinkafa a gidajen mutane. A bakin turmi take shirya wa abin bautarta waƙa, har sarki ya aiko ta zo fada ta ce ba ta gama daka ba. Ranar mutuwarta, duk shekara, yakan yi azumi ya rera waƙoƙinta daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, ba yankewa. Shekara ashirin da bakwai bai taɓa fashi ba. Saude ta ce a ranta, kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Ranar ta faɗo a ranar kasuwar Shinkafi, Labbo ba ya nan. Da hantsi aka ji ƙarar baburan 'yan bindiga daga dajin gabas, ba ɗaya ba, ba goma ba. Kowa ya san wa suka zo nema, kuma kowa ya san abin da ake yi wa gidan da ya ɓoye baƙo.

Saude ta tura shi cikin rumbun gero ta samansa, ta mayar da murfi, ta kora 'ya'yanta mata biyu, Rahina da Gimbiya, cikin ɗaki. Sai ta ji ta. Waƙar tana fitowa ta bangon rumbun, siririya, kamar kukan sauro. Ta buga bangon da tafin hannu, ta roƙe shi don girman abin da yake bauta wa ya yi shiru. Bai yi ba. Tsoro ya kama ta, ta kuma ji ta tsane shi.

Ta jawo turmi jikin rumbun, ta zuba gero, ta kama daka.

Uku suka shigo. Na gaban dogo ne, bindigarsa a rataye, yana cin gyaɗa.

"Inna, ina baƙon da ka gina muku rijiya?"

"Ya tai Ƙaura tun jiya, ɗana."

Ya leƙa zaure, ya leƙa ɗaki, ya daɗe yana kallon yaran. Sannan ya dawo ya jingina da rumbun, kafaɗarsa a kan laka. Saude ba ta ɗaga kai ba. Waƙar tana nan a kunnenta, sai ta ɗora salatin Annabi a kanta da ƙarfi, taɓarya na bin sautin. Geron ya zama gari, garin ya zama ƙura, tafinta ya fashe, taɓaryar ta jiƙe. Ba ta san tsawon lokacin ba. Ta dai san inuwar rumbu ta bar ƙafarta kafin ƙarar baburan ta yi nisa.

Da ta buɗe murfin, duk faɗan da ta tara ya fito. Ta ce saura ƙiris ya sa a yanka mata 'ya'ya saboda waƙar wata matacciya.

Ya fito fari fat da ƙaiƙayi, hawaye sun ja layi a kumatunsa.

"Mama, tun da na ji mutumin ya nufi ɗakin yara na yi shiru. Na karya ibadata."

"Ƙarya kake! Ni da kunnena na ji ta har suka tai."

"Ke ce," ya ce. "Bakinki ne ya ɗauki sautinta."

Saude ta zauna a gefen turmin tana duban hannuwanta. Rana ba ta ko karkata ba tukuna.