Sauran Muryoyin Gem ɗin Yaya

Auta irin mutanen nan ce da ba sa iya ganin noti su bar shi a ɗaure. Tun tana ƙarama ta kwance rediyon gidan, ta kwance agogon bango, fanka ma ba ta tsira ba. Da ta girma ta buɗe shagon gyaran waya, kowa ya ce madalla, ƙaiƙayin hannu ya sami abin sosawa. Abu ɗaya ne a gidan ba ta taɓa sa wa sukudireba ba, shi ne tsohon gem ɗin Yaya.

Wani akwatin wasan bidiyo ne ruwan toka da ake cusa wa kaset, yana zaune ƙarƙashin talabijin ɗin falo. Tun rasuwar Yaya, Umma ce ke kunna shi. Ba ta iya bugawa ba, ko maɓallin tsalle ba ta sani ba. Da yamma sai ta kunna ta bar shi a hoton farko, ɗan siririn kiɗan nan yana ta zagayawa, ita kuma tana guga. Ta sha faɗa cewa in tana jin sa, ji take kamar ɗanta yana falon ya miƙe ƙafa, tana masa faɗan ya tashi ya yi wanka.

A shago abin ya faro. Auta ta gyara wa wani mutum lasifikar waya, shi kuma garin gwaji ya kunna wani bidiyo, sai ga kiɗan gem ɗin Yaya. Shi ne, babu ko tantama, amma da wata murya mai kauri a ƙasa, da wasu sirara suna amsa mata. Ta bincika har ta gano dalili. Irin kaset ɗin nan don wata ƙasa aka yi shi, da ƙarin layukan sauti a cikinsa. Akwatunan can suna fitar da su, irin nasu kuwa an bar hanyar a yanke. Maganin bai taka kara ya karya ba: a haɗa wasu ƙafafu biyu a gindin akwatin da rasista, wani ɗan abu kamar ƙwayar shinkafa wanda take da shi cike da gwangwani.

Daga ranar ta kasa zaune ta kasa tsaye. Tana cikin gyaran wayar mutane sai ta tsinci kanta tana rera muryar mai kauri. In Umma ta kunna gem, sai ta tashi ta leƙa kicin, ta dawo, ta sake fita. Abin da ke cin ta shi ne Yaya ya yi shekaru da wannan kaset, ya tafi bai taɓa jin kiɗan cikakke ba. Ta yi wa Umma bayani, har da zane a bayan kwalin sabulu. Umma ta saurara, ta ce Allah ya ƙara basira, amma a bar mata shi yadda mai shi ya bar shi.

Ai kuwa kamar an ce mata je ki yi. Ranar da Umma ta tafi asibiti awon hawan jini, Auta ta rufe shago ta dawo gida da jakar aikinta.

Ta kifa akwatin a kan teburin cin abinci. Wata 'yar roba ce ta rufe wurin, kuma ba ta fita sai an ɓalle ta. Ta ɗan yi jim, ta ɓalle. Kullum tana liƙa wayoyi masu sirantar gashi, amma yau ta san in ƙarfen liƙi ya wuce wuri ya ƙona wani abu, babu inda za ta samo wa Umma wani. Mota ta tsaya a waje, ta zabura ta leƙa taga, ashe maƙwabta ne. Ta dawo ta ɗiga dalma a ƙafa ɗaya, ta ɗiga a ɗayar, ta mayar da notuna ta kunna.

Kiɗan ya cika falon. Auta ta yi dariya ita kaɗai, hawaye na zubo mata, don daɗi da kewar ɗan'uwanta. A haka Umma ta turo ƙofa da ledar magani a hannu.

Ta tsaya ta saurara har kiɗan ya zagayo.

"Wannan na wane ne?"

"Nasa ne, Umma. Haka yake tun asali, mu ne ba ma jin sauran."

"Ni ban san shi ba. Mayar min da nawa."

Ba ta yi faɗa ba, wanda da ta yi da ya fi sauƙi. Auta ta sake kifa akwatin, kunya kamar ta nutse, ta narkar da dalmar ta zare rasistar. Ta goge wurin tas, ta kunna. Siririn kiɗan ya dawo yadda yake, ba abin da ya ragu. Ta sauke ajiyar zuciya, tana godiya ga Allah da garin neman ƙiba ba ta samo rama ba.

Umma ta zauna a bakin kujera, ledar na kan cinyarta. Kiɗan ya zagaya, ya sake zagayawa. Auta na kallon fuskarta tana jiran ta saki, amma ba ta saki ba.

"Da can ban san da saura ba," in ji Umma a hankali. "Yanzu kuma sai jira nake waɗancan su shigo. Kashe shi kawai, Auta."

Auta ta miƙa hannu ta kashe.