Lungun Ɗan Azumi

Abdulwahid ya zalunci ubansa, kuma da guduma da ƙusa ya yi zaluncin, da rana tsaka, mutanen gida suna ji.

Ƙarar gudumar ce ta taso Mero daga gindin murhunta. Tsohuwa ce da mijinta ya rasu, tana tuyar ƙosai a ƙofar gidan hayarsu na unguwar Treichville, ɗakinta a jikin nasa. Ta leƙa ta tarar ya kafa falankin katako tun daga ƙasa har kusa da rufi, ya yanke gefe ɗaya na ɗakin. Ɗakin kuwa guda ne tal, irin wanda ake kira situdiyo: nan kwana, nan girki, nan karɓar baƙi.

"Abdul, kaji za ka kiwata?"

"Haba Tanti! Makwancin Papa ne." Ya miƙo mata wayarsa da hoton wani ɗaki fari fes. "Haka ake yi yanzu. Ɗaki ɗaya ya zama biyu."

"Tagar fa?"

"Tana ɓangarena. Zan sa masa fanka."

Uban, Malam Ɗan Azumi, yana tsakar gida zaune a kan buhun kayansa yana tari. Shekara da shekaru ya yi yana ɗora kaya a saman motocin Yamai da Damagaram a tashar Adjamé, har ƙirji ya ƙi. Da aka sayar da gidan da yake haya a unguwar Bracodi, bai ga wurin zuwa ba sai wajen ɗansa tilo, mai sayar da wayoyi a wani kanti a unguwar Plateau, ƙetaren gada.

Lungun faɗin katifa ɗaya ne, ba ƙari. Abdulwahid ya shafe fuskar katakon da farin fenti, ya rataya talabijin a jiki, ya sa labule a bakin shiga. Wanda ya shigo ba zai ce akwai mutum a baya ba. Abin da yake so ke nan, don yana neman auren Sharifa, 'yar wani babban ɗan kasuwa, ba ya son danginta su ga tsohon ɗan dako kwance a tsakiyar ɗaki.

Da aka kwantar da tsohon, sai ya ɗaga kai ya dubi bango.

"Audu, ƙafafuna na kallon gabas."

"To ka juya kan."

"In na juya, kaina na bakin ƙofar banɗaki. Kuma ko ta ina na kwanta, ba na fuskantar alƙibla. Ka gitta min katifar."

"Ba wuri, Papa. Sa ba ale," in ji shi da Faransanci, wai komai zai daidaita.

Daga ranar, Mero ce ke kai masa kunu da hantsi in ɗan ya tafi aiki. Kullum sai ta same shi a dunƙule, gwiwoyi a ƙirji kamar jariri. Fankar na juya iska mai zafi da warin fenti.

"Malam, ka miƙe ƙafar mana, za ta sage."

"In miƙe wa ɗakin Allah ƙafa? Ban yi da ƙuruciya ba, Mero, ba zan fara yanzu ba." Ya yi dariya, tari ya katse ta. "Na yi ta shirya buhuna a saman mota, kowanne da yadda yake son a kwantar da shi. Yau ni aka cusa inda ban shiga ba."

Da tsayuwa ta gagare shi, salla ta koma a kwance, sai ya daina wasa. Ya ce mata abu ɗaya ya rage masa a duniya: in lokaci ya yi, a kwantar da shi ta hannun dama, fuskarsa na gabas.

Ta tare Abdulwahid a bakin famfo ta faɗa masa.

"Tanti, ranar Asabar iyayen Sharifa za su zo ganin ɗaki. Su tafi tukuna, sai in cire."

"Ubanka ya yi maka alkawarin kaiwa Asabar?"

Ya kaɗa makullin babur ɗinsa ya fita.

Ranar Juma'a da hantsi ta shiga da kunu ta ji numfashin ya sauya, yana fita da gurnani. Ta kira sunansa, ya buɗe ido, ya ɗaga yatsa ɗaya yana nuna wajen ƙafafunsa. Ta fito da gudu ta kira Ɗantani, telan da ke ɗinki a zaure. Suka kama katifar, suka ja, suka tura. Bango a nan, katako a can, ko taki ɗaya ba ta gitta ba.

Ɗantani ya buga wa Abdulwahid waya, ya sa yadda kowa zai ji.

"Ina kan gada, motoci sun cushe. Ku jira ni. Kar wanda ya taɓa katakon nan, talabijin na jiki!"

Ɗantani ya dubi Mero, ya sauke hannu. "Inna, ɗakin mutum ne."

"Uban mutum ne kuma."

Ta koma ɗakinta ta ɗauko taɓarya. Bugu na farko ƙusoshin ƙasa suka saki. Ta ƙara, ta ƙara, har katakon ya tafi gaba ɗaya ya kife a kan kujera, talabijin ta tarwatse a ƙarƙashinsa. Hasken taga ya faɗo a kan tsohon. Suka ja katifar tsakiyar ɗaki, suka juya shi ta dama, Ɗantani na maimaita kalmar shahada a kunnensa.

Mero ta ce ta ga leɓensa ya motsa bayan sun juya shi. Ɗantani ya ce ya riga ya cika tun ana bugun katako. Har yau ba su daidaita ba, kuma Mero ba ta son a tayar da zancen.

Da Abdulwahid ya iso, mutanen gida sun cika ƙofar, wata maƙwabciya tana ce masa "yako", gaisuwar ta'aziyyar garin. Kowa ya ga inda idonsa ya fara sauka. A kan talabijin ne.

Masu wanka sun yi iya ƙoƙarinsu, gwiwoyin suka ƙi miƙewa. Haka aka sa shi a likkafani a tanƙware, haka aka ajiye shi a gaban sahu a babban masallacin Treichville bayan la'asar. Mahaifin Sharifa na sahun farko. Ya tambayi dalili, Ɗantani bai ɓoye masa komai ba.

Ba wanda ya zo ganin ɗaki ranar Asabar. Ranar Lahadi aka dawo wa Abdulwahid da kayansa na neman aure, ko ƙullin goron ba a kwance ba. A gidan kuwa, in ya yi sallama ana amsawa don farilla ce, ba a ƙara masa ko kalma.

Yana nan a ɗakin shi kaɗai. Katakon na jingine a bayan gida, ruwan sama na ɓare fentin. A daɓen ɗakin kuma ramukan ƙusa na nan a jere, daga bango zuwa bakin banɗaki.