Diga Ba Suna Ba Ne

Sunana Dinah Diga, kuma sai da na zo Kuala Lumpur karatu na gane ashe sunan gidanmu ba suna ba ne.

Mahaifin kakata Bature ne ɗan Ostireliya. Ya yi aikin kuza a Bukuru, ya haifi Kaka da wata 'yar ƙasa, sannan kamfani ya tura shi Malaya, wato Malesiya ta yanzu, tun Kaka tana rarrafe. Daga nan yaƙin duniya na biyu ya zo, shiru kake ji. Abin da ya bar mana farar fata ce, da sunan da aka ji Turawa suna kiransa, Diga. Yanzu Kaka ta haura tamanin, yanar ido tana rufe mata gani. Ranar da zan taho ta riƙe hannuna ta ce, "Ki nemo mini fuskar ubana kafin in daina gani." Kamar Malaya wata unguwa ce a bayan Bukuru.

Na nema kuwa. Na rubuta Diga a duk shafin tarihin soja da na samu, ko ƙyallinsa. A ƙarshe na hau jirgin ƙasa zuwa Cheras, inda aka binne sojojin Turawa, ina bin duwatsu cikin rana kamar mai neman allura. Can na tarar da wata tsohuwa 'yar Ostireliya, Misis Rowe, wadda ke ɗaukar hotunan kaburbura saboda masu neman kakanninsu. Na gaya mata sunan. Ta yi dariya, da ta ga fuskata sai ta haɗiye.

"Yarinya," ta ce, "kowane sojanmu haka ake kiransa. Dubbai ne."

Raina ya ɓaci, ban ma san da wa ba. Mu da muke buga ƙirji da sunan nan a coci da makaranta, ashe kamar a ce wa mutum Soja ne.

Amma matar ba ta sake ni ba. Ta tambayi abin da muka sani, na ce Bukuru, kuza, da yatsu biyu da babu a hannunsa na hagu. Bayan 'yan makonni ta kira ni wani shagon shayi da abinci, irin wanda ake ce wa mamak, a unguwar Chow Kit, ta tura mini shayi, ta buɗe kwamfutarta.

Sunansa Walter Penhale. A hoton farko saurayi ne cikin kakin yaƙin duniya na ɗaya, hula a karkace, da hancin Kaka sak. Na biyu an ɗauke shi ne bayan an sako shi daga hannun Japanawa, haƙarƙari a waje, hannun hagu a kan gwiwa da giɓin yatsun. Na yi kuka, ban ɓoye ba.

"Akwai saura," in ji Misis Rowe. "Ba dole ki karanta ba."

Bayanin binciken mutuwarsa ne. Shekara biyu bayan yaƙi aka tsamo gawarsa daga wani tsohon ramin kuza a nan Malaya, aljihunsa cike da duwatsu. Alƙali ya tambayi abokin ɗakinsa ko mamacin yana da iyali. Abokin ya ce babu, bai taɓa ambaton mace ko ɗa ba. Abu ɗaya ne yake yawan magana a kai har da hawaye, wani karensa da ya bari a Najeriya.

Na karanta layin nan har ya daina shiga kaina. Kare.

Washegari da rana na tura hoton farko gida, sannan na kira. Ƙanena Nahum ya kara wa Kaka waya dab da ido, tana juya kai tana neman inda haske yake.

"Ina ganin hula," ta ce. "Kyakkyawa ne?"

"Kyakkyawa ne, Kaka. Hancinki ne."

Ta yi dariya irin ta yara. Sannan ta yi tambayar da nake gudu.

"Takardun fa? Ya tuna da mu?"

"Abokinsa ya ce kullum yana maganar abin da ya bari a Najeriya," na ce. "Har kuka yake yi."

"Na sani!" Muryarta ta ɗaga. "Ai Mama ta faɗa. Mutumin da ba zai dawo ba ba ya barin karensa. Shi ya sa ta riƙe shi amana. Shekarar da aka yi yunwa ma, Dinah, kare ake fara zuba wa, sannan ni."

Ta ce wa Nahum ya matso da hoton, ta sake dubawa.