Riga Marar Maɓalli

Aikina gashin ƙashi ne, na masu shanyewar ɓarin jiki. Mutane na ce min Likita, ni kuma ban taɓa wahalar da kaina wajen gyara musu ba. Da na gaji da asibiti, sai na kama ɗaki a bayan shagon wani tela, na sa gado da madubi, na zauna jiran arziki. Arziki bai gane lungun ba. Baba Direba ne kaɗai ya gane.

Tsohon direban tirela ne, ciwon ya taɓa masa hannun dama. Duk motsa jikin da na ce ya yi a gida, ba ya yi. Abu ɗaya yake yi kullum: sa maɓallan rigarsa da hannun nan mai ciwo, don ya rantse 'yarsa ba za ta sa masa riga ba. Sai ya jiƙe da gumi yake gamawa. Ni kuwa na san gumin nan ne ke hana yatsunsa ƙagewa.

"Likita," yakan ce, "wanda ya ƙirƙiro maɓalli, ban yafe masa ba."

Daga bakinsa na tsinci dabara. Na sa tela ya ɗinka riga marar maɓalli, mai abin mannawa irin na takalman yara.

"Kai mai gyaran mutane, yau kuma abincina kake nema?" in ji tela.

Na ce masa rigar ta waɗanda hannunsu ya riga ya tafi ce, ba ta masu sauran fata ba. Har da ɗaga yatsa na faɗa.

Rigar ta karɓu. Matata, wadda ta daɗe da daina tambayata ya aiki, ta fara gaya wa maƙwabta maigidanta ɗan kasuwa ne. Gadon marasa lafiya ya koma teburin ninke kaya. Baba Direba ya ɗauke ƙafa, kullum ina cewa gobe zan neme shi.

Shi ya nemo ni, wata safiya, 'yarsa na biye. Tun daga ƙofa na gane ɗinkin rigar da ke jikinsa. A shagon tela ta saya masa.

"Kalli nan, Likita!" Ya fizge gaban rigar da hannun hagu, ya mayar ya manne. "Ko gumi babu."

Hannun daman na dunƙule a cinyarsa. Na ɗauka, na gwada buɗe yatsun a hankali. Sun ƙi, kamar ƙyauren da tsatsa ta cinye. Na ƙara gwadawa, ya yamutsa fuska.

"Baba, sai ka koma wa maɓalli. Daga yau."

"Haba, ɗana. Na hau kwalta, ka ce in koma burji?"

"In ba ka koma ba, hannun nan..."

"Hannun nan ya yi ritaya, kamar mai shi."

'Yarsa ta rusuna. "Allah ya saka da alheri, Likita. Tun da ya sami rigar nan, ba ya faɗa da kowa da safe. Tsofaffin rigunan ma duk mun bayar. Wata muka zo nema, shuɗiya."

Hannun na cikin nawa har lokacin, da ɗuminsa. Na dubi tulin rigunan da ke kan gado. Na mayar masa da hannunsa kan cinya, yadda na same shi.

Na ce shuɗiyar ta ƙare, amma akwai ruwan toka.