Landan Ta Fi Akra Kusa

Mma Alimatu mai koko a unguwar Zogbeli cikin Tamale ba ta san mil ba, da kwana take auna tafiya. Kumasi kwana guda, Akra biyu, uku ma in jirgin fito na Yeji ya yi gardama. Duk wanda zai wuce kwana biyu a hanya, al'adarta ce ta raka shi tasha, ta dafa kansa, su yafe wa juna, don ba a san mai rigan wani ba.

Shekarar da aka sauke tutar Bature, gwamnati ta zaɓi ɗanta tilo Tahidu ya je Landan koyon aikin awon ƙasa. Ta tambaye shi tafiyar kwana nawa ce. Shi kuma da rawar kansa ya ce jirgin sama kwana ɗaya tak yake yi. Ashe nan kusa ne, in ji ta a ranta, ko Akra bai kai ba. Ranar tashinsa ya tsugunna gabanta yana jira, ita kuwa layin masu koko ya kai bakin titi. Ta miƙa masa ƙosai a ganye, ta ce ya gaida mutanen can, ya dawo da Juma'a.

Juma'a ta zo ta wuce. Sallah ƙarama, Sallah babba. Gidan ya yi mata girma, ita kaɗai da tarin da ya kama ta tun damina ya ƙi saki. Wasiƙunsa guda biyar suna ƙasan tabarma, ta ƙi kai su a karanta mata. Ɗan da tafiyar kwana ɗaya ce tsakaninsa da uwarsa ya aiko takarda? Raini ne, kuma ta riƙe shi a zuciya.

Ticha Masahudu, maƙwabcinta, shi ya gaji da jin mitar. Ya ɗauko taswira daga makaranta ya shimfiɗa a kan bencin koko. Ya ɗora yatsa ɗaya, ya rufe Tamale da Akra gaba ɗaya. Sannan ya ja hannu sama, ya haye hamada, ya haye teku, har ya kusa faɗawa ƙasa. Ya ce mil dubu uku da ɗoriya, kamar ta je Akra sau takwas ba tsayawa, kuma sai bayan shekara huɗu za a sa Tahidu a jirgin dawowa.

Ta daɗe tana kallon hannun nan, kokon yana sanyi. Kunya da tsoro suka rufe ta. Shekara huɗu, da wannan ƙirjin nata.

"Ticha, kawo biro," ta ce. "Rubuta ma shi: Tahidu, na yafe ka duniya da lahira. Ni ma ka yafe ni."

Ya rubuta, ya ce amsa za ta ɗauki kamar mako uku.

"To," ta ce, tana danne tari. "Mako uku zan iya."